Rawar da ke Cikin Ƙwaryar Gwaggo Dije

Tun da na dawo daga Damagaram bakina bai huta ba. A ɗakin malamai a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, har mai babur ɗin da ke kai ni makaranta sai da ya waigo muna tsakiyar titi ya ce, "Malama Hansatu, wai da gaske jami'an kan iyaka sun bar aiki sun yi miki layi?" Na ce da shi dubi gabanka tukuna, kada ka kai mu lahira da tambaya a baki. To, yau na zauna zan faɗa gaba ɗaya, kowa ya ji da kunnensa, ni ma in samu in sha ruwa.

Ni dai kimiyya nake koyarwa a ƙaramar sakandare a nan Zango. Gwaggo Dije kuwa yayar mahaifina ce, kuma duk wanda ya tashi a unguwarmu da muryarta ya tashi. Da sassafe za ka ji ta daga nesa, ƙwarya a ka, tana cewa, "Ga na safe! Ga na safe!" Madara da nono take sayarwa tun ban san hannun dama da na hagu ba. Babban mai sayenta Sale mai shayi ne na bakin tasha.

Sai wata yarinya mai aikin gwaji a wani ɗan asibiti ta sayi madarar Gwaggo, ta surka ta da ruwa, ta ɗiga a ƙarƙashin madubin likita, don wasa kawai. Ta ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo suna ta karkarwa, ta kara waya ta ɗauka, ta tura wa ƙawarta. Kafin la'asar hoton ya zaga gari da rubutu a ƙasa: ga tsutsotsin da ke cikin madarar Dije. Sale ya koma madarar gwangwani. Matan unguwa suka fara cewa "yau muna da saura". Gwaggo ta yi ta fita tana dawowa da ƙwarya a cike, daga baya ta daina fita, kuma muryar nan ta safe ta ɗauke ɗif.

Ni da na ga hoton dariya ta kama ni, daga baya takaici ya biyo. Ai wannan darasi ne da nake koyarwa duk shekara! Na ruga gidanta na ce, "Gwaggo, wallahi ba tsutsa ba ce, maiƙon madara ne, ruwa ke turarsa." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Hansai, su da ido suka gani, ke da baki kika zo." Gaskiya ta faɗa. Asibitin sun kulle na'urarsu tun da abin ya zama surutu. Ta makarantarmu kuwa gangar jiki ce kawai, idonta ya bi wani tun kafin a kawo ni. Sai na tuna da Rabi, 'yar ƙanwar mahaifiyata da ke aure a Damagaram, ita ma malamar kimiyya. Tana da tata ta kanta, tsohuwa, irin wadda ba ta son lantarki, hasken rana take sha. Na buga mata waya ta ce in zo in ara. Gwaggo na jin haka ta ce ƙafata ƙafarta, ba za a yi shari'arta a wata ƙasa tana zaune a tsakar gida ba.

Muka kama hanya da sassafe. Gwaggo ta cika gora da madarar da ta tatsa da hannunta, ta toshe bakin, ta rungume kamar jariri. Daga Zango zuwa Daura lafiya lau. A tashar Daura ne aka fara wasan. Wannan ɗan kamasho ya ja jakata ya ce Kwangwalam, wancan ya ja mayafin Gwaggo ya ce saura mutum ɗaya, wani ya bangaje mu da buhun gero bai ko waiga ba. Gwaggo ta ɗora gorar a ka don kada ta fashe, sai ga gora tana tangaɗi sama da kawunan mutane, ta yi nan, ta yi can, ta dawo. Na tsaya a tsakiyar tasha ina tafi kamar wadda aka yi wa albishir.

"Gwaggo, tsaya! Kin ga abin da nake faɗa miki ke nan!"

"Ke, mahaukaciya, ana tattake ni kina tafi?"

Da muka samu wuri a mota na yi mata bayani. Na ce a ce wani yana bayan katanga, ba ya ganin mutanen tasha, gorarki kawai yake hangowa. Me zai ce? Zai ce gorar nan tana da rai, ko kuwa aljanu sun shige ta. Alhali masu turereniya ne a ƙasa. Haka ruwa yake. Ba abu ɗaya ba ne dunƙulalle, tarin ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai, waɗanda ko madubin likita ba ya ganinsu, kuma ba sa tsayawa ko da ƙiftawar ido. Su ke dukan ɗigon maiƙo ta ko'ina, wani lokaci bugun dama ya fi, wani lokaci na hagu, shi kuwa ya yi ta rawar dole. Gwaggo ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "To Allah ya isa tsakanina da 'yan kamashon cikin ruwa." Wani dattijo a gaba ya yi dariya har ya ƙware.

Motar kuwa, kada ku tambaya. An jera mu kamar kifin gwangwani, ba mai iya motsa ƙafa, sai dai kowa ya yi ta jijjiga a inda yake. Wata mata ta shigo da ƙullin daddawa ta cusa can ƙarƙashin kujerar baya, ba a jima ba direba ya ce, "Wa ya shigo mana da miya?" Na buɗe baki zan ce wannan ma ƙwayoyin ne ke yawo cikin iska, Gwaggo ta mintsine ni a cinya ta ce in bar mutane su yi tafiyarsu cikin mutunci.

A kan iyaka, a tafiyar zuwa, ba a wahalar da mu ba. Namu suka duba katinmu suka ce a sauka lafiya. Na can ɓangaren, wani jandarma dogo siriri, ya gaida Gwaggo da Hausa mai daɗi, ya tambayi abin da ke cikin gora. Ta ce, "Shaida ce." Ya dube ni, na ce madara ce, ranka ya daɗe. Ya girgiza kai ya ce mu wuce. Daga nan zuwa Matamaye hanya ta yi ta wasa da mu, mu yi sama mu dawo, Gwaggo tana salati, gora tana kulu-kulu a cinyarta. Rana kuma ta buɗe sosai.

Muka isa Damagaram bayan azahar, muka tarar gari shiru kamar an yi shara. Ashe su da tsakar rana rufe shago suke, kowa ya je ya kwanta, sai rana ta yi sanyi a sake buɗewa. Gwaggo ta ce, "Ikon Allah, a Daura ka rufe shago yanzu ai maƙwabcinka ya gaje ka da rai." Rabi ta tarbe mu da guɗa. Ta sauke mu a ɗakin surukarta da ta yi tafiya, mai gado na ƙarfe da tarin kwanonin jere har rufi, Gwaggo ta kwana tana tsoron kada ta yi juyi su zubo mata. An kawo mana kwaɗon zogale da suke kira kwabto, da dambu, da kilishin da ya sa na yi shiru na ɗan lokaci, abin da ba a saba gani ba. Da safe kuma sai ga burodi dogo kamar sandar makiyayi. Gwaggo ta juya shi ta ce wannan ci ake yi ko kora shanu? Shayinsu kuwa a ɗan kofi kamar na kwalli, ɗaci kamar maɗaci, kuma sai an yi maka zagaye uku, in ka tashi a na farko ka yi rashin kunya. Makaranta lakwal suke ce mata, malami kuma mushe, har Gwaggo ta tausaya wa mijin Rabi, shi ma malami, da ta ji yara na kiransa haka.

Da hantsi Rabi ta fito da akwatin katako ta buɗe. Ga na'ura baƙa, mai nauyi, da ɗan madubi a ƙasa da ake juyawa ya kamo rana. Na ji kamar in goya ta. Aka ce Gwaggo ta kawo shaida. Ta buɗe gora ta karkata, sai ga ruwan tsami tsararo, a bayansa kuma curin man shanu ya leƙo ya toshe bakin. Zafi da hanyar Matamaye sun kaɗe madarar tas! Ni da Rabi muka zube ƙasa muna dariya har da hawaye. Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "Shekara nawa ina kaɗa nono da hannu, ashe mota ake shiga."

Rabi ta aika aka sayo madara a wurin wata Bafulatana a unguwar. Ta ɗiga kaɗan a kofin ruwa har ya yi fari-fari, ta ɗauki ɗigo ɗaya ta sa a gilashi, ta rufe da wani siririn gilashin, ta murɗa, ta murɗa, ta ce bismilla. Jama'a, in faɗa muku gaskiya, na sha zana wannan abu a allo, na sha ganinsa a waya, amma da idona cikin na'ura ban taɓa ba. Na kara ido. Ga su nan! Ƙananan ƙwallaye masu sheƙi, kowanne yana ɓari a wurinsa, ya matsa nan, ya fasa, ya koma can. Ƙananan sun fi rawar kai, manyan sai ɗan rangaji kamar masu jin nauyin jiki. Ba mai zuwa ko'ina. Na yi ihu har maƙwabciya ta leƙo ta katanga.

"Gwaggo, zo ki gani! Ta Damagaram ma tana yi!"

Ta ce, "Na ji."

"Ba ji ba, gani. Gani ya kori ji."

Ta gyara zama ta juya mana baya. Rabi ta tafasa madarar har ta yi kumfa, ta huce, muka sake dubawa, rawa na nan. Ta ce abu mai rai in ya sha wuta haka ya gama, kuma mai rai iyo yake yi, yana da inda ya nufa, waɗannan kuwa turarsu ake yi. Ta ce Baturen da ya fara lura da abin a cikin ƙurar furanni shi ma da farko rai ya zata, sai da ya gwada da garin dutse ya ga duk ɗaya. Nono mai tsami kam, in ji ta, yana da nasa masu ran, su ne ma ke sa shi kama, kuma ba su da laifi. Duk wannan Gwaggo tana ji, amma ta ƙi matsowa.

Da Rabi ta shiga ɗaki na zauna kusa da Gwaggo na ce, "Gwaggo, mun ƙetare ƙasa guda saboda wannan fa." Ta ce a hankali, "Hansai, in na duba na ga tsutsa fa? Da madarar nan na yaye 'ya'yana. Da ita na yaye ki da uwarki ta kwanta ciwo. Biyu daga cikin nawa ba su rayu ba. Tun da aka nuna mini hoton nan nake lissafin abin da na ba su da hannuna." Wallahi dariyar da ke bakina ta gudu. Ni ina ta murnar darasi, ashe ita abin da take ɗauke da shi ke nan tun daga Zango. Na riƙe hannunta, ban sake cewa ta duba ba.

Rabi ce ta dawo da mu cikin raha. Ta kankaro baƙin gindin tukunya, ta dama da ruwa da ɗan ƙaro, ta ce ga wanda ya fito daga cikin wuta, mu ga ko shi ma tsutsa ne. Muka duba, baƙaƙen ɗigo suna ta tsalle, sun ma fi na madara. Gwaggo daga inda take ta ce, "Baƙin tukunya da ƙaro? Ai tawadar Alaramma kuka haɗa." Na miƙe tsaye har kofi ya kife. Alaramma Malam Iro shi ne mai makarantar allo ta unguwarmu, kuma ba gidan da ba a taɓa shan rubutunsa ba. Faɗuwa ta zo daidai da zama!

A dawowa ne aka yi abin da kuka ji. Jami'in kwastan na can, wanda suke kira duwan, wani mai tumbi da gashin baki, ya ga akwati ya ce a buɗe. Ya ga baƙin ƙarfe mai baki kamar bindiga, ya ja da baya ya ce, "Madam, wannan me yake harbawa?" Na ce ba ya harbi, kallo ake yi. Ya ce to a kalla a gabansa. Akwai mai shayi a gindin bishiya, na roƙi ɗigon madara, na kafa na'ura a kan bencinsa, na kamo rana. Duwan ya cire hula, ya kara ido, ya daɗe, sai muka ji ya ce, "Kai! Kai! Kai! Wa ke kaɗa musu?" Ya ƙwala wa abokan aikinsa kira. Kafin ka ce kwabo ga jandarma, ga 'yan canji, ga mai sayar da rake, an yi layi. Direbanmu ya zo yana faɗa wai mun ɓata masa lodi, aka ce ya duba, ya duba, ya koma bayan layi don ya sake. Wani ya ce a ɗumama ruwan a gani, muka ɗumama, rawa ta ɗan ƙara zafi, wurin ya kaure da sowa. Duwan ya rako mu har mota, ya ce da Gwaggo, "Hajiya, ke ba ki duba ba." Ta ce, "Nawa kallon yana gida."

Ranar kasuwar Zango na kafa tebur daf da rumfar Sale mai shayi. Gwaggo ta zo da sabuwar madara ta zauna a gefe, fuska a ɗaure. Na fara da tata. Mutane suka duba suka ce ai ga su nan, abin da muka gani a waya ke nan. Sale yana daga tsaye yana cewa shi dai Allah ya kiyaye shi. Na ce, "Malam Sale, ara mini ɗigo ɗaya daga gwangwaninka." Ya miƙo da fara'a. Na surka na sa, na ce shi ya fara dubawa. Ya duba, ya ɗago, ya goge ido da hannun riga, ya sake dubawa. Ta gwangwani ta fi ta Gwaggo rawa nesa ba kusa ba! Kasuwa ta ɗauki ihu. Amma wata mata ta ce to ashe duk madarar duniya tsutsa ce, gara a bar sha. Na ga magana za ta karkace, Sale ma ya fara zufa.

Daidai nan Alaramma ya iso, don tun jiya na je na durƙusa na roƙe shi. Ya zo da kurtun tawadarsa a hannu. Na ce, "Allah gafarta Malam, wannan tawada wa ya haɗa?" Ya ce shi da kansa, daga baƙin tukunyar gidansa, kuma ya dafa ta. Na ce akwai wanda bai taɓa shan rubutun Malam ba a nan? Ba wanda ya ɗaga hannu. Na taɓa ɗan tsinke a tawada, na surka, na sa. Alaramma ya tattare babbar riga, ya sunkuya. Kasuwa ta yi tsit, har kukan akuya ake ji daga can kara. Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya ce, "Subhanallahi. Toka ce fa, wuta ta cinye ta, ga ta tana motsi. Ashe ba abin da Allah ya bari a zaune." Ya juya ga jama'a ya ce, "Wanda ya ce akwai tsutsa a madarar Dije, to ya ce akwai ta a tawadata, sai ya zo ya faɗa mini a nan." Ba wanda ya zo. Sai layi, kowa yana son ya ga tawadar da ya sha tun yana yaro, ina ta bayanin gora da tashar Daura har muryata ta dushe.

Ina cikin haka na ji an taɓa kafaɗata. Gwaggo ce. Ta ce, "Mayar da tawa." Na wanke gilashi, na ɗiga madararta, na gyara hasken. Ta sunkuya, ta rufe ido ɗaya da tafin hannu. Na ga bakinta yana motsi. Ta ce, ba ta ɗago ba, "Ba su da kai. Ba su da wutsiya."

"Babu, Gwaggo."

"Maiƙo ne. Na san shi, shi nake tarawa in yi mai." Ta ƙara dubawa, ta ce, "Ke nan ba ni ba ce."

"Ba ke ba ce, Gwaggo. Ba ki taɓa ba kowa komai ba sai alheri."

Ta ɗago, hawaye ya jiƙa bakin na'urar Rabi, ta sa gefen zane ta goge shi da kyau kafin ta goge nata idon. Sannan ta fashe da dariya ta ce, "Shi ya sa wuyana ke ciwo! Shekara da shekaru ina ɗauke da 'yan rawa a ka, ko tukuici ba su taɓa ba ni ba." Sale ya matso da jug ɗinsa yana sosa ƙeya, ya ce, "Inna Dije, a yi haƙuri, a zuba mini na yau." Ta dube shi ta ce na yau sadaka ne, ta ɗauki ludayi ta yi ta rabawa har ƙwarya ta ƙare, shi ma ta ba shi ludayi guda ya sha a tsaye.

Na'urar tana wurina har ƙarshen zangon karatu, ɗalibaina sun gani, yanzu har alli suke so a niƙa a duba. Washegarin kasuwa ina ɗaura ɗankwali zan tafi makaranta, sai na ji daga can ƙarshen lungu, da ƙarfi fiye da yadda na saba ji, "Ga na safe! Ga na safe!" Na zauna a bakin gado da ɗankwalin a hannu, na yi ta saurare har ta wuce ƙofar gidanmu. Ranar na makara, kuma ko a jikina.